Yadda Ake Karɓar Tsohon Ma'aikaci Idan Zai Dawo Bakin Aiki

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da ma'aikata, a shago ne ko makarantar kuɗi ko asibiti ko ƙaramar masana'anta, ya san irin wannan kiran. Yaron da ya bar ka shekara biyu ko uku da suka wuce ya bugo waya, an yi doguwar gaisuwa, an tambayi iyali da kasuwa, can sai ya ce, "Maigida, dama ina so in zo in gaishe ka ne, akwai 'yar magana." In bai da ƙarfin halin bugowa, sai ya turo kawunsa ko limamin unguwarsu. Wani lokacin ma kai ne kake cigiyarsa, domin tun da ya tafi ba ka sami wanda ya riƙe maka sito ko littafin lissafi kamarsa ba.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da karyewar darajar naira, mutane suka yi ta neman inda albashi ya fi tsoka. Wani ya nufi Abuja, wani Legas, wani ya tsallaka Saudiyya, wani ya haɗa ɗan jari ya buɗe nasa. Ba kowa tafiyar ta karɓa ba, kuma cikin waɗanda ta karɓa ma akwai masu son komawa kusa da iyayensu.

Dawowar irin wannan mutum tana iya zama alheri babba. Ya san aikin, ya san kwastomomi, ka san halinsa, kuma ya ƙaro ilimi a inda ya je ba da kuɗinka ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma a ganina abu ɗaya ne yake rusa yawancin irin wannan dawowar: maigida ya ɗauka wanda ya tafi shi ne ya dawo, shi kuma mai dawowar ya ɗauka wurin da ya bari shi zai tarar. Sai a ce masa "koma kujerarka" ba a zauna ba, ba a rubuta komai ba, ba a kuma tuna da waɗanda suka riƙe wurin bayan tafiyarsa ba.

Mataki na farko: kafin ka ce "to", ka tono dalilin tafiyarsa

Kada ka dogara da abin da ka tuna kawai. Ka ɗauko takardar ajiye aikinsa in akwai, ka duba littafin albashi na watanninsa na ƙarshe, ka tambayi wanda yake shugabantarsa a lokacin. Wanda ya tafi ƙaro karatu, ko jinyar mahaifi, ko wadda aure ya kai ta wani gari, lamarinsu mai sauƙi ne. Haka wanda kai ka sallama lokacin da kasuwa ta ja baya, shi kam ma yana da haƙƙin a fara tunawa da shi in abubuwa sun daidaita.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne wanda ya tafi saboda albashi bai isa ba, ko saboda ba sa jituwa da manaja, ko saboda an yi masa alkawarin ƙarin girma ba a cika ba. Tambayar a nan ɗaya ce: abin da ya kore shi yana nan ko ya kau? Lamarin kamar auren kome yake, in abin da ya kashe na farko yana nan daram, na biyun ma ba zai yi ƙarko ba. Idan manajan nan yana nan kuma halinsa bai sauya ba, to ka san me kake shirin maimaitawa.

Sai wanda ya tafi a kan cin amana. Yafiya abu ce mai kyau, kuma mutum yana tuba ya gyaru. Sai dai yafe wa mutum daban, miƙa masa makullin sito daban. Hadisi ya tabbata cewa ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. In ka ga za ka taimaka masa, ka ba shi aikin da kuɗi da kaya ba sa bi ta hannunsa, ka kuma gaya masa dalili baki da baki.

Ka nemi sanin inda ya zauna bayan barinka. Ka gaya masa za ka tuntuɓi wurin da ya baro, sannan ka tuntuɓa. Shekara uku ta isa mutum ya gyaru, ta kuma isa ya lalace.

Abin da ya fi kayar da masu gida a wannan mataki shi ne kunya. Dattijo ya tako har shagonka, ka ji nauyinsa, ka amsa nan take alhali ba ka da gurbi ko ba ka da abin biyan ƙarin mutum. Akwai hanyar girmama dattijo ba tare da ka ɗaure kanka ba: "Baba, girmanka ya wuce haka a wurina. Ka ba ni mako guda in duba yadda wurin yake, kuma shi da kansa ya zo mu zauna." Ba wanda zai ji an watsa masa ƙasa a ido da wannan amsa.

Mataki na biyu: zama na ku biyu

A yi shi a keɓe, ba a gaban yara ba, ba kuma a gaban wanda ya yi masa hanya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka tambaye shi ainihin abin da ya sa ya tafi, domin abin da mutum ke faɗa ranar tafiya sau da yawa na sallama lafiya ne kawai. Ka tambaye shi me ya sa yake son dawowa, me ya koya a can, kuma me yake hange nan da shekara biyu. Wanda ya ce maka yana jiran biza ne ko yana tara jari ya koma nasa bai yi laifi ba, ya ma taimake ka, domin za ka san irin aikin da za ka ɗora masa.

A wannan zaman ake rufe tsohon lissafi. In ya tafi da bashinka, ko kuɗin kayan da ya bayar bashi ba a karɓo ba, ko wayar ofis, a faɗa, a yanke: an yafe ne ko za a riƙa cira a albashi, kuma nawa a wata. In kai ne ka riƙe masa albashin watan ƙarshe don haushin tafiyarsa, ka biya shi kafin ya fara. Mutumin da yake ganin kana riƙe da guminsa ba zai taɓa yi maka aiki da zuciya ɗaya ba, ko da bakinsa ya ce ya yafe.

Abu ɗaya da nake roƙon masu gida su bari: wulaƙanta mai dawowa. "Ai na gaya maka", "duniya ta koya maka hankali ko?" Wanda ya tako ya dawo ya riga ya haɗiye abin da ya haɗiye. In ka ƙara masa da gori, za ka samu ma'aikaci mai sunkuyar da kai wanda yake ƙirga kwanakin da zai sake samun wata ƙofa.

Mataki na uku: albashi, muƙami da shekarun aiki

A nan ne rigima take kwance, don haka a nan ya kamata a fi daɗewa.

Tsohon albashinsa ba ma'auni ba ne. Hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024, kuma a watan Yulin shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Gaskiya ne dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma kuɗin mota da kwanon shinkafa sun hau kan kowa. Wanda ya bar ka yana karɓar 45,000 a 2022, in ka mayar da shi kan wannan kuɗin, ka rage masa albashi ne a fakaice.

Ɗaya ɓangaren kuma ya fi haɗari. Sau da yawa mai dawowa yakan zo da farashin inda ya baro, kai kuma don kana buƙatarsa sai ka biya, ya zarce abokan aikinsa da suka zauna suka sha wahalar shekarun nan tare da kai. Albashi ba ya ɓoyuwa, ko ka ce sirri ne sai an ji. Ranar da suka ji, darasin da ka koya musu shi ne hanyar samun ƙari a wurinka ita ce mutum ya tafi ya dawo. To me za a yi? Ka jera albashin duk masu irin aikinsa ka duba. Idan ya dawo da wani abin da su ba su da shi, kamar takardar shaidar ƙwarewa ko iya sarrafa wani inji ko manhajar lissafi, ka ba shi aikin da ya dace da wannan, da suna daban da nauyi daban, yadda kowa zai ga dalilin bambancin. Idan kuwa aiki ɗaya za su yi, to ko dai ya shigo a kan abin da suke karɓa, ko ka ɗaga su gaba ɗaya. In ba za ka iya ko ɗaya ba, gara ka haƙura da shi.

Sai muƙami. A ce shi ne shugaban sashe a da, yanzu kuma yaron da ya koya wa aiki ne a kan kujerar. Kada ka sauke wanda yake kai don tsohon ya dawo, muddin yana riƙe da aikin yadda ya kamata. Ka gaya wa mai dawowar tun a zaman farko: "Malam wane, ka san wane ne yake riƙe da sashen yanzu, kuma a ƙarƙashinsa za ka yi aiki. Za ka iya?" Ka kalli fuskarsa lokacin da yake amsawa. Wasu za su iya da zuciya ɗaya. Wanda ba zai iya ba, a nema masa wani sashe, ko a bar maganar.

Na uku, shekarun da ya yi a baya za a lissafa su ko daga farko zai fara? Mutane suna raina wannan tambaya sai ranar rabuwa ta zo. A Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wa'adin sanarwar barin aiki yana bin daɗewar mutum ne: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga mai shekara biyar ko fiye. Hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki sai bayan wata 12 a jere yake tabbata. Rabin albashi lokacin hutun haihuwa kuma sai ga wadda ta yi aƙalla wata shida a wurin kafin hutun. Wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na akawu. Manajoji da ƙwararru abin da ke cikin takardar yarjejeniyarsu shi ake bi, wanda hakan ya ƙara nuna muhimmancin rubutawa. Idan an biya shi garatuti da duk haƙƙoƙinsa lokacin da ya tafi, abin da ya fi tsafta shi ne lissafi ya fara sabo. In kana son karrama shi da haɗa masa shekarun baya a wajen hutu ko ƙarin girma, babu laifi, amma a rubuta a wane fanni aka haɗa, a wane ba a haɗa ba.

A kasuwa, irin su Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, wannan maganar tana da wata fuska: sallama. Yaron shagon da ya yi shekara huɗu ya tafi, ya dawo, yana iya ɗauka cewa shekara biyu suka rage a ba shi jari, kai kuma kana lissafin daga yau aka fara. A warware wannan a gaban iyayensa tun kafin ya ɗauki tsintsiyar shago.

Mataki na huɗu: takardu

Sabuwar takardar ɗaukar aiki za a ba shi, ba tsohuwar za a kakkaɓe ba. Doka ta ba maigida wata uku ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, amma ga mai dawowa kada a jira, a sa hannu kafin ranar farko. A rubuta sunan aikin, wanda zai riƙa ba shi umarni, albashi da alawus, lokacin zuwa da tashi, hutu, wa'adin sanarwa, da duk abin da aka yanke game da tsohon bashi da shekarun baya. Lokacin gwaji na wata uku ba cin fuska ba ne, shi ma yana buƙatar ya gwada ko wurin zai sake karɓarsa.

A sabunta mai tsaya masa, domin na da yana iya yiwuwa ya rasu ko ya tashi daga garin ko sun ɓata. A sabunta adireshi, lambar asusun banki da sunan magaji, tunda mai yiwuwa ya yi aure ko ya ƙara iyali.

Idan wurinku yana cikin tsarin fansho, wanda dokar 2014 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 15 ko fiye, kada a buɗe masa sabon asusu. Lambar asusun fansho ɗaya ce mutum yake riƙewa duk inda ya je. Ka karɓi lambar, ka tambaye shi kamfanin fanshon da yake yanzu, domin tun Nuwamban 2020 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara. Kai za ka zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashinsa, shi kuma a cire kashi 8 daga albashin nasa, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ko da ya ciri kashi 25 na kuɗin lokacin da ya zauna ba aiki, asusun yana nan a buɗe. A mayar da sunansa cikin inshorar rai ta ma'aikata da ta lafiya in kuna da ita, da jerin da ake kai wa NSITF, hukumar da ke biyan diyya in hatsari ya sami ma'aikaci a bakin aiki, da na hukumar haraji ta jiha. Sau da yawa akan manta da wannan don ana ganin ai tsohon ɗan gida ne, sai hatsari ya faru a tarar sunansa ba ya ko'ina.

Mai ƙaramin shago da ba ya cikin duk wannan, takarda ɗaya da shaidu biyu sun wadatar, kowa ya riƙe kwafi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rubutu tsakanin mutanen da suka yarda da juna ba zargi ba ne.

Mataki na biyar: waɗanda suka zauna su ji daga bakinka

Kada su zo da safe su tarar da shi zaune. Ka fara kiran wanda ya gaji kujerarsa, shi kaɗai, ka gaya masa cewa wane zai dawo, ga aikin da zai yi, kuma shi matsayinsa yana nan. Wannan mutum shi ne ya fi kowa shiga zulumi, kuma in ya natsu sauran ma za su natsu. Sannan wanda suka taɓa samun saɓani da shi, ka ji ta bakinsa, in da hali ka haɗa su su gaisa su yafi juna kafin ranar fara aiki. Ka saurara da kyau a nan, domin yara sukan san abin da maigida bai sani ba game da tafiyar mutum.

Bayan haka ka sanar da kowa a taƙaice: ga wanda zai dawo, ga ranar, ga aikinsa, ga wanda zai shugabance shi. Sirrinsa kuma ka riƙe masa. Ko kasuwancinsa ne ya karye, ko korarsa aka yi don an rage ma'aikata, ko rashin lafiya ya yi, shi ke da ikon faɗa in ya ga dama.

Mataki na shida: ranar farko da watan farko

Ya tarar an shirya masa wurin zama, kayan aiki da katin shaida, an sa shi a zauren WhatsApp na ma'aikata. In aikin na kwamfuta ne, a buɗe masa sabon asusun shiga da sabuwar kalmar sirri. Ka tarbe shi da kanka, ka zaga da shi, ka gabatar da shi ga sababbin da ba su san shi ba. A yi masa maraba da fara'a, a sha lemo in an so, amma kada a yi shagalin da ba a taɓa yi wa wanda ya shekara goma bai motsa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce ai ya san komai. Bai sani ba. Wanda ya bar shago kafin ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya bar wurin da ake ƙirga tsabar kuɗi, zai dawo ya tarar da tiransifa da na'urar POS da masu turo alat na bogi. Farashi ya sauya, dilolin da ake sayen kaya wurinsu sun sauya, kwastoman da a da ake ba shi kaya bashi ido rufe wataƙila yanzu an daina. Wannan na ƙarshen yana da haɗari ƙwarai, domin tsofaffin masu cin bashi su ne za su fara zuwa yi masa barka da dawowa. A zaunar da shi a bi masa duk abin da ya sauya ɗaya bayan ɗaya, a haɗa shi da wani da zai riƙa tambaya ba tare da jin nauyi ba. Makulli, kuɗi da ikon sa hannu kuma a mayar masa da su a hankali, kamar yadda za a yi wa kowa.

Shi ma a ba shi shawara: watan farko na saurare ne. Kalmomi biyu ne suke sa a tsani mai dawowa, "da ba haka muke yi ba" da "a can inda na baro". Ba wai abin da ya gani a waje ba shi da amfani ba ne, shi ne ma babbar ribar dawowarsa. Ka ce ya riƙa rubutawa, bayan wata guda ku zauna da shugaban sashen a tace abin da zai yi amfani. Amma dabarar aiki daban, sirrin mutane daban. Kada ka nemi ya kawo maka jerin kwastomomi ko farashin sirri na inda ya baro. Wanda ya kwaso na wasu ya kawo maka, haka zai kwashi naka.

Idan mace ce ta dawo bayan aure ko haihuwa, a yi maganar lokaci a fili tun farko. Mai shayarwa doka ta ba ta rabin awa sau biyu a rana don shayar da jariri, kuma wurin da zai iya sassauta mata lokacin tashi zai riƙe ma'aikaciyar da ba za ta manta ba. Wanda ya tashi daga doguwar jinya kuma a fara masa da aiki mara nauyi, a bi abin da likita ya ce.

Mataki na bakwai: bibiya

Ka zauna da shi bayan mako biyu, da bayan wata guda, da ƙarshen wata uku. Minti goma ya isa: me ya yi maka wuya, wa kuke samun matsala da shi, abin da muka yi alkawari an cika? Ka tambayi shugabansa shi ma, a keɓe. Ka lura ko yana tsallake shugaban nasa yana zuwa wurinka kai tsaye saboda tsohon sabo. In ya yi haka, ka mayar da shi da lalama: "Ka fara kai wa wane, in ya gagara ku zo tare." In ka bari sau biyu, ka kashe ikon wanda ka naɗa. Kuma duk ranar da ya yi kuskure, ka yi masa faɗa a kan kuskuren ranar kawai, kada tsohuwar tafiyarsa ta shigo cikin maganar.

Idan wata ukun ya cika abubuwa suna tafiya daidai, ka ba shi takardar tabbatarwa, ka gaya masa da bakinka cewa ka ji daɗin aikinsa. Idan kuwa ka ga tsohuwar matsalar ce ta dawo, kada ka ja lokaci don kunya. Ka fara sanar da dattijon da ya kawo shi, ka gaya masa abin da ya faru kafin ya ji a waje, sannan ka ba ma'aikacin sanarwa a rubuce bisa wa'adin da ke cikin takardarsa, ka biya shi duk abin da yake bi har kwanakin ƙarshe, ya miƙa makulli da kayan aiki a gaban shaida, kowa ya sa hannu.